Kyamarorin da 'yan gwangwan ke kwashewa daga Ƙaraye da Rogo

A watan Yunin 2022 aka yi gwanjon wata tsohuwar kyamara ƙirar Leica ta shekarar 1923 a garin Wetzlar na ƙasar Jamus, wani ya saye ta Yuro miliyan 14.4. Kada mai karatu ya zabura ya hau binciken adakar kakansa, irin wannan ba ta cikin Ƙaraye, ba ta cikin Rogo. Abin lura a labarin shi ne akwai mutanen da suka ɗauki tara tsofaffin kyamarori aiki na gaske, kuma daga cikin waɗanda suka fi ɗauke musu hankali akwai 'yan ƙanana, irin waɗanda aka ƙera don a ɓoye.

Sarauniyarsu ita ce Minox. Walter Zapp ya tsara ta a 1936, kamfanin VEF na birnin Riga a Latbiya ya shiga ƙera ta jim kaɗan bayan haka. Tsawonta bai kai na biro ba, kowane hoto kuma yana zama a kan fim mai milimita 8 da 11, wajen faɗin farcen yatsa. Zapp don masu sha'awa ya yi ta, amma da yake tana iya ɗaukar rubutun takarda daga kusa, 'yan leƙen asiri suka rungume ta. Da ita Kanar Oleg Penkovsky na Tarayyar Sobiyet ya riƙa ɗaukar hotunan takardun sirrin sojan ƙasarsa yana miƙa wa Amurka da Ingila a 1961 da 1962, kafin a kama shi.

Kafin Minox ma an sha dabaru. A 1886 an fito da kyamarar Stirn, wadda ake ratayawa a ƙarƙashin falmaran, idonta na leƙowa ta kafar maɓalli. Wani ɗalibi ɗan Norwe, Carl Størmer, ya yi ta yawo da ita a titunan babban birninsu a shekarun 1890, yana gaisa da mutane yana jan zare a aljihu. Hotunan nan da ya ɗauka cikin wasa su ne yau ake dubawa a ga yadda mutanen birnin suke tafiya da ado idan ba su san ana kallonsu ba. A Jamus kuwa wani mai haɗa magani, Julius Neubronner, tantabara ya ɗaura wa kyamara a ƙirji, har ya sami rajistar ƙirƙirarsa a 1908.

Wani zai ce wannan shagalin masu ƙoshi ne, ina ruwan manomin rake da masara a Rogo. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai jihar Kano ta fi wurare da yawa sanin abin da kyamarar ɓoye take iya yi. A 2018 kaɗai ta gani sau biyu. Sashen binciken BBC na Africa Eye ya fitar da rahoton yadda ake karkatar da maganin tari mai kodin zuwa hannun matasa, wani ɓangarensa a Kano aka ɗauka, kuma a ranar 1 ga Mayu gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin da shigo da shi. A watan Oktoba kuma jaridar Daily Nigerian ta Ja'afar Ja'afar ta saki bidiyon da ta ce yana nuna gwamna na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar daloli daga 'yan kwangila. Gwamnan ya musanta, majalisar dokokin jiha ta kafa kwamiti, kotu ta dakatar da binciken. Ko wane ɓangare mutum ya tsaya, ba zai iya ba da tarihin siyasar Kano na waɗannan shekaru ya tsallake wannan 'yar na'ura ba.

Sai dai abin da ya fi gaggawa a yammacin Kano ba kayan 'yan leƙen asiri ba ne. Kayan mai hoto ne na kan hanyar kasuwa, wanda wayar hannu ta kashe wa sana'a. A da, a garuruwa irin su Ƙaraye da Rogo da Zarewa, shi ake kira ranar kamu da ranar suna, shi ke bin dawaki ranar hawan salla, shi ke ɗaukar ɗan fasfo na mai shirin tafiya Makka da na yaron da zai zana jarabawa. Sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Kusalla ya daɗe yana tara masu hoto duk lokacin da sabon rukuni ya sauka. Dam ɗin Challawa, da aka kammala a farkon shekarun 1990, ya tashi ƙauyuka ya sauya fuskar ƙasar. Duk wanda ya riƙe kyamara a wancan lokaci yana iya kasancewa da hoton wurin da yanzu ruwa ya shafe. Yashica da Zenit da 'yan ƙananan Kodak na aljihu da alhazai da ma'aikata suka riƙa shigowa da su, yau in ba su cikin kwali a saman sif, to sun bi kurar 'yan gwangwan, an auna su da kilo tare da fasassun tukwane. Nagatif ɗin kuwa ko kilon ba ya samu, yara ke wasa da shi, ko gara ta gama da shi.

Yankin ya san amfanin ajiya, domin ya ci moriyarta. Baba ta Karo, wadda ta tashi a wajen Zarewa, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi littafi a 1954, kuma har gobe jami'o'in duniya suna karanta shi don sanin rayuwar matan Hausa tun kafin zuwan Turawa. Baƙuwa ce ta zauna ta rubuta. Babu dalilin da za a sake jiran wata baƙuwar ta zo ta tattara hotuna.

Tun Yulin 2024 masarautar Ƙaraye ta zama mai daraja ta biyu da ke kula da ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo. Masarautar da aka kafa a 2019, aka rushe, aka sake tayarwa cikin shekara biyar, ta fi kowa buƙatar abin da zai nuna cewa tarihin ƙasarta ya girmi takardar majalisa. Ɗaki guda ya isa a fara tara tsofaffin kyamarori da hotunan yankin a baje kolinsu. Hakimai da dagatai sun san gidan kowane tsohon mai hoto, kuma ma'aikatan Gidan Makama da na Gidan Ɗan Hausa a Kano sun san yadda ake adana irin waɗannan kaya.

Akwai masu fargabar cewa baje kolin kyamarar ɓoye koya wa matasa leƙen asiri ne. Ai sun riga sun koya. Kyamarar da ke cikin biro ko agogo ko kan caja ana tallarta a intanet da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, kuma yawanci ba gwamna take nufa ba, ɗakin otal take nufa, da budurwar da ta ƙi saurayi. Suratul Hujurati ta haramta bin diddigin sirrin mutane, sashe na 37 na tsarin mulkin Najeriya ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. 'Yar sakandaren da aka taɓa nuna wa yadda idon kyamara ke laɓewa a bayan maɓalli ta fi wadda ba ta taɓa gani ba sanin inda za ta duba.

Wanda ke da tsohuwar kyamara a gida kada ya jira fada. Ya fara cire batirin, don idan ya tsiyaye yana cinye ƙarfen ciki. Kada ya buɗe bayanta idan yana zaton akwai fim, haske na goge abin da ke kai nan take. Ya nisanta ta da laimar damina da ƙurar hunturu, ya sa nagatif a ambulan na takarda maimakon leda, sannan ya nemi dattijon da ya yi aiki da ita, ya rubuta sunansa da shekarar da ya saye ta da garuruwan da ya yi ɗauka.