Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Maniyyatanmu Da Babbar Waya

A wannan fitowar mun matsar da labarin ƙwallo da kacici-kacici zuwa ƙasan allo, domin akwai maganar da muke ganin ta fi su gaggawa, kuma da hannunmu a cikinta dumu-dumu.

Duk shekara, idan watan Zulƙida ya kama, jirage suka fara ɗagawa da alhazai daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III, wanda ba shi da nisa da mu nan Boɗinga, akwai wasan da ake maimaitawa a gidajenmu. Dattijo ya biya kuɗin kujera, ya yi bita, an ɗinka masa kaya. A aljihunsa akwai 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila, wadda ya shekara bakwai yana amfani da ita, har lambobin jikinta sun goge amma yatsansa ya haddace su. Sai 'ya'ya da jikoki su kewaye shi: "Baba, ai can ba a zuwa da wagga. Sai babba." Saura kwana biyu a kira su sansanin alhazai, sai a ruga Sakkwato a sayo babbar waya a kwali. Da dare a haɗu a tsakar gida, a buɗe masa WhatsApp, a ɗauke shi hoto, a yi ta dariya. Da safe a cusa ta cikin jaka. Daga Sifawa zuwa Dingyaɗi, daga Kajiji zuwa Dandin Mahe, labarin ɗaya ne.

Ra'ayinmu shi ne, sauya wayar daidai ne. Yadda muke sauya ta ne ba daidai ba.

Bari mu fara da dalilin da ya sa muka ce daidai ne, don kada a ɗauka muna cikin masu cewa komai na zamani ɓata ne. Kakannin kakanninmu da ƙafa suke tafiyar nan, ta Barno da Chadi da Sudan, su shekara nawa a hanya, wasu ma su zauna can, kamar mutanen garin Mai Wurno da ke bakin kogi a Sudan har yau. Labarin mutum sai in wani ya dawo ya ce ya gan shi. Ko bayan da aka koma jirgi, sai dai wasiƙa. Wayar salula ta GSM ma sai a 2001 ta shigo Najeriya. To amma tafiyar yau ta koma ta intanet tun daga tushe. Hukumomin Saudiyya suna da manhajar da ake kira Nusuk, ta cikinta ake neman izinin shiga Rauda a masallacin Madina. Tun daga aikin hajjin 2024 sun wajabta wa kowane alhaji ya riƙe katin Nusuk, wanda ke ɗauke da bayanansa, kuma ana iya ajiye kwafinsa a cikin waya. Ƙaramar waya ba ta san wannan zancen ba.

Sannan ga batun ɓata. Duk wanda ya je ya dawo zai gaya maka tantunan Mina fari fat suke, iri ɗaya, layi bayan layi. Mutum ya fita jifa, ya juyo, ya rasa gabas da yamma. A hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, kuma hukumomin ƙasar da kansu suka ce mutum sama da 1,300 suka rasu. A irin wannan rana, awa uku ana bulayi ba ƙaramin haɗari ba ne ga ɗan shekara saba'in. Babbar waya tana iya nuna wa jami'in alhazai daidai inda mutum yake tsaye, ko da shi mai ita bai san sunan wurin ba. Wannan kaɗai ya isa dalili.

Kuma ba alhazai kaɗai ba. Mun tuna a watan Afrilun 2023, da yaƙi ya ɓarke a Khartum, ta waya ɗaliban Najeriya suka riƙa sanar da juna inda motocin kwashe su za su tsaya, ta waya kuma duniya ta ga halin da suka shiga a kan iyakar Masar. Wasunmu da ke mafarkin karatu a waje, su riƙe wannan.

Yanzu sai mu zo inda gizo ke saƙar. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, tunda allon namu ne: da yawanmu ba don Nusuk muke matsa wa Baba ya sayi babbar waya ba. Mun san idan ya dawo, kwana uku zai yi da ita ya ce, "Wagga aba ta hi ƙarhina, ku ba ni 'yar ƙaramata." Wa zai gaje ta? Shi ya sa a shago ba ma tambayar kwana nawa batirinta ke yi, ko rubutunta na da girman da idon tsoho zai gani. Tambayarmu ita ce ido nawa kyamararta ke da shi. Mun zaɓar wa kanmu waya da kuɗinsa, mun kira abin taimako. Mutumin da kujerarsa ta haura naira miliyan takwas a 2025, wanda wataƙila sai da sa ya bar turke ko aka jinginar da fadama kafin kuɗin su cika, guzurin da za a miƙa masa kuma dala 500 ne kacal, shi muke sa wa ya ƙara kashe kuɗi kan abin da ba zai iya buɗewa ba.

Ba zai iya buɗewa ba, haka muka ce, kuma ba habaici ba ne. Wani daga cikinmu ya ba mu labarin kakansa. Jikan ne ya sa wa wayar makulli irin na zane, wanda ake jan yatsa a kan ɗigo tara. Ya nuna masa sau biyu, tsoho ya ce ya gane, don dai kada a raina shi. Ana sauka Madina zanen ya ɓace masa. Ya gwada, ya sake gwadawa, wayar ta rufe kanta. Kwana tara gida ba a ji ɗuriyarsa ba. Matarsa ta daina cin abinci sosai, ana ta bin gidajen sauran alhazai ana tambaya. Daga ƙarshe ta wayar wani maƙwabcin ɗakinsa aka ji muryarsa, lafiya lau, yana faɗa. Ƙaramar wayarsa kuwa tana nan gida a kan taga, an hana shi tafiya da ita wai za ta ba da shi.

Akwai kuma tarkon layi. Babbar waya ba ta barci. Ko ba ka taɓa ta ba, tana sabunta manhajoji, tana sauke hotuna da bidiyon da aka watso a guruf. A nan gida wannan ɓarnar data ce kawai. Amma idan layin Najeriya ne a cikinta aka sauka wata ƙasa, kuma aka bar data a kunne, farashin ba ɗaya ba ne, katin da aka loda don wata guda yana iya ƙarewa kafin a isa masauki. 'Yan kasuwarmu masu tsallakawa Ƙonni ta Illela sun daɗe da sanin haka, shi ya sa za ka ga mutum da layi biyu, na nan da na can. Dabarar da ta fi ita ce tasu: a sa layin gida a cikin ƙaramar waya, wadda ba ta shan data, a tabbatar tun kafin tashi an buɗe shi zai yi aiki a waje. Idan an sauka sai a sayi layin can, ko na STC ko Mobily ko Zain, da fasfo ake yankarsa, a sa shi a babbar. WhatsApp zai ci gaba da aiki da tsohuwar lambar, in ya tambaya ko a canza lamba, a ce a'a. Nawa daga cikinmu suka taɓa yi wa maniyyacin gidansu wannan bayanin? Mu kanmu sai da muka zauna rubuta wannan muka yi ta tambayar waɗanda suka je.

Me ya sa muka nace kan kada a bar ƙaramar? Don batiri. Ita tana kwana huɗu ko biyar ba caji. Babbar kuwa, a cikin zafi, ana kunna taswira, da ƙyar ta kai la'asar. A Mina da Arfa wurin caji ya yi wa jama'a kaɗan. Fawa banki zai taimaka, amma shi ma da ƙa'idarsa: ba a sa shi a babbar jakar da za a loda a cikin jirgi, a jakar hannu ake riƙe shi. Wanda bai sani ba, a filin jirgi za a sa ya zazzage kayansa gaban jama'a.

Sai 'yan damfara, waɗanda su ba sa zuwa hutu. Za su kira da ladabi, su ce daga ofishin alhazai ne, an turo wata lamba mai ɗigo shida, a karanto musu. Tsoho mai son a gama lafiya sai ya karanto. Shi ke nan an ƙwace WhatsApp ɗinsa, a shiga aika wa 'yan'uwa cewa Alhaji ya shiga matsala a Makka, a turo kuɗi. Wa zai ƙi turawa?

Mun san akwai masu cewa, har da wasu malamanmu a nan, babbar waya tana raba alhaji da abin da ya kai shi. Suna da gaskiya a wani ɓangare. Mun ga hotunan da ake turowa, mun ga wanda ke ɗawafi da hannu ɗaya a sama yana ɗaukar kansa. Amma wannan laifin matasan alhazai ne, waɗanda suka ƙware. Tsohon da muke magana a kansa bai kai nan ba, shi amsa kira ma yaƙi ne. Wasu kuma na cewa ai akwai jami'ai, su za su yi masa komai. Jami'ai suna ƙoƙari, amma kujerun da aka ware wa Najeriya a 2023 da 2024 sun kai 95,000. Jami'i nawa za a raba wa wannan taro, a daren Muzdalifa?

To mene ne abin yi? Idan za a sayi wayar, a saye ta da wata guda ko biyu kafin tafiya. A zaɓi mai ƙarfin batiri, ba mai yawan ido ba. A ƙara girman rubutu har ƙarshe. A share duk wani tarkacen da ke fuskarta, a bar abu uku ko huɗu. A cire makullin zane, in dole ne a sa lambar da ba zai manta ba. Sannan a zauna a koya masa, ba komai da komai ba: ya amsa kira, ya danna ya aika saƙon murya, ya tura inda yake, ya buɗe hoton katinsa da na fasfonsa. Wanda ya iya waɗannan ya gama. Kuma kada a tsaya a tsakar gida. Ranar kasuwa, idan ya tafi, a ce ya turo inda yake daga can, cikin hayaniya da rana, ba kowa kusa da shi. In ya kasa, gara ya kasa a Boɗinga, inda ɗan acaɓa zai maido shi gida.

'Yan'uwa mata, naku aikin ya fi namu. Inna da Goggo ba za su saki jiki su ce wa ɗa namiji "ban gane ba, sake" har sau biyar ba. Ke za su faɗa wa. Da yawansu ba sa karanta boko, don haka a sa hoton fuskar mutum a kan lambarsa, ta ga ɗanta ta danna.

Kada kuma a raina takarda. A rubuta sunan masauki, da lambar jami'in ƙaramar hukuma, da lambobi biyu na gida tare da +234 a gabansu ba tare da sifirin farko ba, a naɗe a leda a sa a jakar wuya. Takarda ba ta mutuwa don rashin caji.

Muna da roƙo guda biyu. Na farko ga shugaban makaranta da malamin kwamfuta. Mun san dokar hana shigowa da waya, ba kuma muna neman a ɗage ta ba ne. Muna roƙon a ba mu Asabar biyu kafin a fara jigila, a buɗe mana aji ɗaya na maza ɗaya na mata, ƙarƙashin idon malamai, maniyyatan unguwanninmu su zo da wayoyinsu. Na biyu ga jami'an alhazai na Boɗinga da Shagari: a cikin bitar da ake yi kan ihrami da ɗawafi da jifa, a ware ko da awa ɗaya ce ta waya. In ana neman masu koyarwa, ga mu, kyauta.

Duk mai son shiga, littafin rubuta suna yana hannun sakataren ƙungiya, daga yau har Alhamis, lokacin tara. Sharaɗi ɗaya muka gindaya, kuma a kansa muka fi yin gardama a zamanmu: mai koyarwa ba zai taɓa wayar ba. Zai zauna gefe, hannunsa a baya, ko da Baba zai yi minti goma yana neman inda zai danna. Mun gwada a kan junanmu ranar Talata, da wayar malamin da ke kula da ƙungiya. A cikin mu goma sha ɗaya, mutum biyu kaɗai suka iya daurewa ba su fizge ta ba.