Masu Ƙosan Rogo: Haɗa Kai Ya Fi Rancen Banki

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, tana samun kimanin tan miliyan 60 kowace shekara. Amma wanda duk ya ratsa kasuwannin ƙauye daga Lafiya zuwa Zariya zai tarar da mata masu suyar ƙosan rogo da wainar rogo suna nan yadda suke tun tuni, watau kasko ɗaya, tire ɗaya, jari kuwa bai wuce na kwana biyu ba.

Ba ragwanci ya jawo haka ba. Rogo ba ya jira. Da an tone shi, cikin kwana biyu ko uku ya fara baƙi. Saboda haka mai sana'a ba ta iya sarin mai yawa lokacin araha, sai ta riƙa sayen ɗan kaɗan kullum, riba ta tafi aljihun dillali.

A shekarar 2002 gwamnatin Obasanjo ta kafa shirin bunƙasa rogo, daga baya aka ce a riƙa haɗa garinsa da fulawa wajen yin burodi. Manyan masana'antu aka nufa da wannan. Talakar da ke bakin murhu ba ta gani a kaskonta ba. Rancen banki kuma, da ruwansa da wa'adinsa, kaya ne mai nauyi ga wadda hajarta ke lalacewa kafin sati.

Abin da ya kamata shi ne mata goma na gari guda su yi adashi, su sari rogo lokacin da ya wadata, su fere, su jiƙa, su shanya, su mai da shi alabo. Busasshen rogo yakan yi watanni a rumbu, ga shi yana yin waina da ɗanwake. Ɓawon ma, in ya bushe sosai, abincin awaki ne.

Sai dai lalle a yi hattara. Rogo mai ɗaci yana da dafi, jiƙo da shanya ne ke kashe shi. Wadda ta yi gaggawa har mutum ɗaya ya kwanta, ta kashe cinikin gari duka. Haka nan a raba jari da kuɗin cefane da na biki, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Hukuma ma tana da nata aikin. Tun 2011 masana na Ibadan da Umudike suka fito da rogo mai ruwan ɗorawa, mai ƙarin amfani ga ido. Malaman gona su kai irinsa ƙauyuka. Ƙananan hukumomi kuwa su gina dakalin siminti na shanya kusa da kasuwa, a daina baza rogo a gefen kwalta yana shan ƙura da hayaƙin mota. Kuɗin dakali bai kai na motar shugaba ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa masu abin su ji.