Inuwar Yamai ba ta sayarwa ba ce

Tun 1965 aka fara dasa dogon yaro a kewayen Yamai domin tare ƙura da samar da inuwa. Yau wannan daji, ceinture verte, sai ƙanƙancewa yake: nan an yanka filaye, can an mai da shi juji. Ga zafin Afrilu da kan wuce digiri 40, ga matasa ba wurin shan iska sai fada a bakin titi.

Dashen itace na ranar 3 ga Agusta ba zai wadatar ba muddin ana sare na jiya. Hukumomin birni su shata iyakar abin da ya rage, su sa kujeru da fitilu. Ku kuma ƴan uwa mazauna waje, kafin ku aiko kuɗin fili, ku tambayi inda yake.