Kwaɗo a ƙofa, yara a ciki

Ranar Talatar da ta wuce ƙanwata ta kira ni, ta ce aiki ya riƙe ta, in taimaka in ɗauko mata ɗiyarta daga gardari. Yarinyar shekararta biyu da rabi. Na hau moto na isa wajen ƙarfe ɗaya da ƴan mintoci, rana tana dukan ƙeya. Na tarar da ƙofar gidan a rufe, da kwaɗo a rataye ta waje. Na buga. Wata tanti ta amsa daga ciki, ta ce in yi haƙuri, maigadi ya je sallah kuma makullin yana aljihunsa.

Na tsaya kusan minti ashirin ina jin muryoyin yara ta bayan katanga, wani na kuka, wasu na waƙa. Katangar ta fi ni tsawo, an kuma jera mata fasassun kwalabe a kai. Ƙofa ɗaya ce tak. A cikin mintocin nan ba abin da ke yawo a kaina sai tambaya guda: in wani abu ya kama da wuta yanzu, ta ina za su fita?

Ba zan faɗi sunan wurin ba, ba zan faɗi unguwar ba, don ba su kaɗai ba ne, kuma ba mugaye ba ne. Da aka buɗe na nemi ganin mai gidan. Dattijuwa ce mai fara'a, tsohuwar malamar makaranta. Na gaishe ta, na ce, "Hajiya, don Allah mi ya sa ake kulle yara ta waje?" Ta ce, "Ɗana, ai don tsaronsu ne. Kwanaki wani yaro ya sulale ya fita titi, saura kaɗan adaidaita ta taka shi." Gaskiya ta faɗa. Ta toshe haɗari ɗaya, ta buɗe wanda ya fi shi, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya nuna mata haka.

Sai ta kai ni ofishinta ta nuna mini takardar izini a cikin gilashi, da hatimi da sa hannu. Na tambaye ta yaushe masu dubawa suka zo na ƙarshe. Ta yi ɗan tunani ta ce tun kafin a buɗe. Lokacin yaranta goma sha biyar ne. Yanzu, da idona, na ƙirga sama da arba'in a ɗaki biyu da rumfa, tanti uku. Tukunyar gas tana kusurwar rumfar inda ake ɗuma musu abinci, taku kaɗan daga tabarmar da suke barci. A tsakar gida akwai tano cike da ruwa, murfinsa faifai ne. Duk mai ƙaramin yaro ya san faifai ba ya hana ɗan shekara biyu leƙa ruwa.

Takardar da ke bango tana ba da shaida ne a kan gidan da babu shi yanzu. Wannan shi ne abin da ya hana ni barci.

Mu a ƙasar nan ba sai an ba mu labarin wata ƙasa ba. Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta cinye azuzuwan kara a makarantar unguwar Pays-Bas a Yamai, yara kimanin ashirin suka rasu, mafi yawansu ƴan jardan ne. Rahotannin lokacin sun ce wutar ta tashi ne ta wajen ƙofar shiga, kuma babu wata ƙofar gudu. Manyan ɗalibai suka haura katanga. Ƙananan ba su iya ba. Wata bakwai ba su cika ba, ranar 8 ga Nuwamba, aka sake yi a makarantar AFN ta Maraɗi, yara sama da ashirin da biyar, ƴan shekara biyar da shida. Aka yi zaman makoki na kwana uku a jihar. Majalisar ministoci ta hana saka ƴan jardan a azuzuwan kara a duk faɗin ƙasa. A lokacin hukumomi da kansu suna maganar azuzuwan kara dubu 36.

Hanin ya yi daidai. Amma mun ɗauki darasin da ƙunci, kamar kara ne kaɗai ke kisa. Abin da ya kashe yaran nan shi ne wuta mai sauri, da mafita guda, da ƙafafun da ba su iya gudu ba. Ɗakin siminti mai taga da ƙarfe da ƙofa a kulle zai iya yin aikin da kara ya yi, hayaƙi ma ya ishe shi. Yaro ɗan shekara biyu in ya tsorata ba ya nufar ƙofa, ɓuya yake yi, ko ya tsaya wuri ɗaya yana kuka. Sai an ɗauke shi. Tanti ɗaya hannu biyu gare ta, da baya ɗaya na goyo. Ku yi lissafin da kanku: tanti uku, yara arba'in.

Gidajen renon nan kuwa ƙaruwa suke yi a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, kuma dalili a fili yake. Mata na aiki a ofis, a asibiti, a kasuwa, wasu na jami'a. Gidan gandu da kaka ke zaune tana kallon jikoki ya ragu a birni. Ma'aurata na haya su biyu a nesa da dangi. Saboda haka duk mai cewa a rufe su duka bai san rayuwar ƙanwata ba. In aka rufe, yaran ba cikin aminci za su koma ba, hannun ƴar aiki ƴar shekara goma sha biyu za su koma, ko a kulle su a ɗaki. Ni ba rufewa nake nema ba.

Abin da nake nema shi ne izini ya daina zama kamar takardar haihuwa, wadda ake bayarwa sau ɗaya har mutuwa. Ya zama yana da wa'adi, a sabunta shi bayan an zo an gani. A rubuta a jikinsa yawan yaran da wurin zai iya ɗauka, a manna shi a bakin ƙofa inda uwa za ta karanta, ba a ofis ba. Kuma mai dubawa ya zo ba sanarwa. Kowa ya san yadda ziyarar da aka sanar take: a share gida, a aro tukunyar kashe gobara daga maƙwabta, a ce wa rabin iyaye yau su riƙe yaransu. In ana son ganin gaskiyar gidan reno, da ƙarfe ɗaya na rana ake zuwa, cikin watan Afrilu, lokacin da wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, maigadi ya tafi masallaci.

Na san amsar da za a ba ni: babu kayan aiki, babu mai a mota. Na yarda akwai ƙarancin. Amma a nan ne haɗarin yake, domin ranar da mai gida ya zama shi ke zuba wa mai dubawa mai a moto, dubawa ta ƙare, saura gaisuwa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗin zuwan ya fito daga asusun hukuma, da rasit. Kuma ba dole sai babban jami'i daga ma'aikatar ilimi ba. Ƴan kwana-kwana sun san ƙofa da waya da gas fiye da kowa. Ma'aikatan tsabta na ofishin magajin gari sun san ruwa da makewayi. Gari nawa ne gidajen renonsa suka fi ƙarfin a zagaye su sau biyu a shekara?

Akwai kuma abin da ya kamata gwamnati ta haɗiye. Azuzuwan kara mafi yawansu nata ne. Jami'in da zai tsaya gaban Hajiya ya ce ta fasa ƙofa ta biyu, dole ya iya faɗar haka ga darektan makarantar gwamnati da ke bayan layinta. In doka ta tsaya kan masu zaman kansu kaɗai, za a ɗauke ta a matsayin wata hanyar karɓar kuɗi, kuma haka za ta zama.

Mu ma iyaye da kawunnai muna da namu. Muna tambayar kuɗin wata, muna tambayar ko ana koya musu Faransanci, muna jin daɗin fenti da hoton zomo a bango. Ƙanwata mai ilimi ce, amma ta ce mini ba ta taɓa wuce bakin ƙofa ba, nan take miƙa yarinya ta juya. Kunya ke hana mu, kar a ce mun raina dattijuwa. To ku shiga. Ku ƙirga ƙofofi, ku ƙirga yara, ku ƙirga masu kula da su. Ku tambayi wa ke riƙe da makulli, kuma ko tanti ta san lambar ƴan kwana-kwana 18 ce. Wadda na tambaya ba ta sani ba, ta yi dariya ta ce ba a taɓa tambayarta ba.

Jiya na koma tare da ƙanwata da wasu iyaye biyu. Hajiya ba ta ji daɗi ba da farko, ta ce shekara talatin tana koyarwa ba yaron da ya taɓa ƙonewa a hannunta. Muka ce mun sani, shi ya sa muka zo wurinta ba wurin hukuma ba. Ta yarda a cire kwaɗon a sa sakata ta ciki, can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. An fitar da gas zuwa bayan gida. Tanon ya samu murfi. Ƙofa ta biyu kuwa ta ce gidan haya ne, sai mai gida ya yarda, shi kuma yana Kwatano, sai bayan sallah zai dawo.