Tiyata Aikin Yini Ɗaya Ce, Reno Aikin Shekaru

A cikin jikin ɗan Adam akwai wani tantanin tsoka da ya raba ƙirji da ciki, wanda da shi ne huhu ke jawo iska. Yakan gama haɗuwa kafin ciki ya cika wata 3. Wani lokaci sai ya bar kafa, hanji da tumbi su bi ta nan su hau ƙirjin ɗan tayi, su danne huhu, su hana shi girma. Likitoci sun ƙiyasta cewa jariri 1 cikin kamar 3.000 ke zuwa da wannan lalura, galibi a gefen hagu. Ba maita ba ce, ba kuwa laifin uwa ba ne.

Irin wannan jariri yakan faɗo yana numfashi da ƙyar, leɓensa ya yi duhu, cikinsa a shafe. Maganinsa tiyata ce: a maida hanji wurinsa, a ɗinke kafar. A 1946 ne likita Robert Gross na birnin Boston, a Amurka, ya yi nasarar yin wannan aiki ga jaririn da bai kwana duniya ba. A yau, a ƙasashe masu wadata, kamar 7 cikin 10 suna rayuwa. Ga matar da ta haihu a Dungu kuwa, hanya sai ta bi ta Matameye zuwa babbar asibitin Damagaram, watakila har Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 daga can. Duk yaron da ya tsallake wannan siraɗi, an sha wuya kafin a same shi.

To, abin lura shi ne, warkewar ɗinki ba ita ce ƙarshen magana ba. Huhun da aka danne tun a ciki yakan daɗe bai yi ƙarfi ba, shi ya sa ƙurar hunturu da hayaƙin murhu ke kayar da yaron da ciwon haƙarƙari fiye da tsaransa. Da yawansu abinci kan komo musu, su yi ta tumbuɗi, nauyi ya ƙi ƙaruwa. A nan ne haɗari yake: a karkara, yaro mai amai da rama akan ce beli ne, a kai shi ga wanzami. Askar wanzami ba ta kai wa inda cutar take, sai dai ta ƙara zubar jini ga wanda ba shi da na zubarwa.

Akwai kuma abin da ke zuwa a ɓoye. Wasu yaran jinsu kan ragu sannu a hankali, ko da an gwada su lafiya tun suna jarirai. Wasu sukan yi jinkirin zama, tafiya ko magana. Wasu ƙashin bayansu kan karkace in sun tasa. Ɗinkin ma yana iya warwarewa bayan watanni ko shekaru, alamarsa amai mai yawa da sarƙewar numfashi farat ɗaya. Wannan ba ya jiran gari ya waye. Saboda haka ne ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da jadawali a 2008 na bin irin waɗannan yara har su kai shekara 16.

A 2006 gwamnatin Nijar ta tsai da shawarar yi wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 magani kyauta. Ya rage ga ma'aikata su cika wannan niyya. Likitan da ya sallami yaro ya rubuta aikin da aka yi masa a katinsa, ya aika wa asibitin garinsu labari. Malamin asibiti ya auna nauyinsa kowane wata. Malamin makaranta da ya ga ɗalibi ba ya amsa kira, ya tura shi gwajin kunne kafin ya ce da shi daƙiƙi.

Su kuwa waɗanda suka fito daga ajin yaƙi da jahilci, ga inda karatunsu zai yi rana. Su karanta wa maƙwabta katin awo, su tuna musu ranar komawa asibiti, su ajiye takardun nesa da gara da ruwan damina. Manomin da ya sha wahalar shuka ba ya barin gona ba noma.