Dodgers sun sake zuba dala miliyan 69 a hannun mutum ɗaya: dabara ce ko ciwon bara ne bai warke ba?

Ƙungiyar wasan besbol ta Los Angeles Dodgers ta ɗauki kofin duniya na Amurka shekara biyu a jere, 2024 da 2025, abin da rabon da a gani tun zamanin New York Yankees na 1998 zuwa 2000. Duk da haka ba ta huta ba. A watan Disamba na 2025 ta sayo Edwin Díaz daga New York Mets, shekara uku a kan dala miliyan 69, wato miliyan 23 kowace shekara. Ba a taɓa biyan mai irin aikinsa haka a shekara ɗaya ba. Gardamar da ta biyo baya ita ce: me ya sa ƙungiyar da irin wannan ciniki ya ƙona wa hannu wata goma sha ɗaya da suka wuce za ta koma ta sake?

Ga wanda ƙwallon ƙafa kaɗai ya sani, kuma mu dai a Zango mafi yawanmu haka muke, ga yadda abin yake a taƙaice. Wasa zagaye tara ne. A kowane zagaye mai jifa yana tulla ƙwallo, mai duka yana neman make ta da kulki, sai an fitar da masu duka uku sannan a juya. Mai jifan da ya buɗe wasa yakan yi zagaye biyar ko shida hannunsa ya gaji. Daga nan sai koci ya waiwayi 'yan ko-ta-kwana, waɗanda ke zaune can a wani shinge a gefen fili da ake kira bulfen. A cikinsu akwai mai rufe wasa, wanda ake ajiyewa domin zagaye na tara idan ana gaba da ƙaramar rata. Aikin Díaz ke nan.

To ga inda gizo ke saƙa. Kaka ɗaya wasa 162 ce, zagaye wajen 1,450. Mai rufe wasa yakan yi zagaye wajen 60, kashi huɗu cikin ɗari na aikin ke nan. Idan ka raba miliyan 23 gida 60, kowane zagaye ya tashi kusan dala dubu 380. Shi ya sa masu lissafi a wannan wasa suka daɗe suna cewa asara ce a zuba dukiya a kan ɗan ko-ta-kwana, kuma Andrew Friedman, mai kula da cinikin 'yan wasa na Dodgers, yana cikin waɗanda aka sani da wannan ra'ayi. Ya fi son ya tsinto wanda wata ƙungiya ta yar, a gyara masa jifa, a ci moriyarsa da arha.

A Janairun 2025 ya saɓa wa al'adarsa. Ya ba Tanner Scott shekara huɗu a kan miliyan 72, ya ɗauko Kirby Yates shekara ɗaya miliyan 13, bayan ya riga ya sabunta wa Blake Treinen shekara biyu miliyan 22. A takarda babu wanda zai ga laifinsa. Ma'aunin mai jifa shi ne maki nawa ake ci a hannunsa a kowane zagaye tara, kuma na Scott a 2024 ya tsaya a 1.75, wanda ba ƙaramin abu ba ne. A 2025 sai ya haura 4.74, ya kuma ɓarar da nasara sau goma bayan an danƙa masa wasa ana gaba. Ranar 6 ga Satumba a Baltimore ita ce magoya baya ba za su manta ba: Yoshinobu Yamamoto ya kai zagaye na tara, saura mutum ɗaya ya gama wasa ba tare da an samu bugu ko ɗaya a hannunsa ba, Jackson Holliday ya buga ƙwallo ta tsallake katanga. Aka cire shi ana gaba 3 da 1. Treinen da Scott suka shigo, aka tashi 4 da 3, Dodgers ta sha kashi. Da wasannin neman kofi suka zo, Scott bai jefa ƙwallo ko ɗaya ba.

Akwai kuma maganar musaya. Kafin a rufe kasuwa ranar 31 ga Yuli kowa ya ga ramin, kuma abokan hamayya sun shiga kasuwa da ƙarfi. San Diego ta ba da matashinta mafi daraja, Leo De Vries, ta karɓo Mason Miller. Philadelphia ta ɗauko Jhoan Duran daga Minnesota. Dodgers kuwa Brock Stewart ta karɓo, ta ba da James Outman, shi kuma Stewart wasanni kaɗan ya yi kafaɗa ta kwantar da shi. An zagi Friedman sosai a lokacin. Ni dai a nan ina bayansa. Kuɗi idan ya tafi gidan talabijin da 'yan kallo za su dawo da shi baɗi, amma yaron da ka raina shekara uku ka bayar don aikin wata biyu, ya tafi ke nan.

Masu cewa sayen Díaz almubazzaranci ne suna da hujja mai ƙarfi: ai an ci kofin ba tare da mai rufe wasa mai tsada ba. Gaskiya ne. Amma a duba yadda aka ci shi. Koci Dave Roberts ya daina yarda da 'yan ko-ta-kwanansa, ya koma yana aron masu buɗe wasa. Roki Sasaki, yaron Japan da ya yi watanni yana jinyar kafaɗa, shi aka mayar mai rufewa, har ya yi zagaye uku cur da Philadelphia ba wanda ya taɓa shi. Wasa na uku da Toronto ya kai zagaye 18, kuma wanda ya riƙe huɗun ƙarshe Will Klein ne, wanda aka karɓo daga Seattle a watan Yuni ba tare da kowa ya kula ba. Wasa na shida Tyler Glasnow ne ya rufe. A wasa na bakwai Shohei Ohtani ya buɗe, Glasnow da Blake Snell suka biyo cikin waɗanda aka kira, sannan Yamamoto, wanda ya tulla ƙwallo 96 daren jiya, ya dawo ya ƙara 34 har aka tashi 5 da 4 a zagaye na goma sha ɗaya. Kuma da Miguel Rojas bai rama maki a zagaye na tara ba, da duk wannan labari wani ne daban.

Abin ya yi daɗin kallo, wallahi, amma ba tsari ba ne, rufa-rufa ce da Allah ya taimaka ta yi. Yamamoto kwantiraginsa shekara 12 ne a kan miliyan 325. Sa mutum irin wannan ya yi jifa kwana biyu a jere daidai yake da ɗaukar motar da ka saya da bashi ka shiga kogi da ita don gada ta karye. Ka haye sau ɗaya, to, sai ka mai da shi hanya? Jijiyar gwiwar hannu idan ta tsinke tiyata ce da zaman shekara guda ko fiye, kamar yadda ya faru da Evan Phillips na wannan ƙungiya a tsakiyar kakar. Idan aka kalli miliyan 69 ta wannan fuska, kuɗin kare hannayen da suka fi shi tsada ne.

Sai dai kada a ɗauka Díaz tabbas ne. Tarihinsa ma shi ne babbar shaidar masu suka. A 2018 a Seattle ya kare nasara 57. Shekara mai bi, da ya koma Mets, ma'auninsa ya tashi 5.59. A 2022 ya sauko 1.31, Mets ta ba shi shekara biyar miliyan 102. A Maris na 2023 ya ji ciwo a gwiwa yana tsallen murnar nasarar ƙasarsa Puerto Rico, bai buga kakar ba gaba ɗaya. A 2025 ya dawo 1.63. Mutum ɗaya ne fa, hannu ɗaya. Wanda aikinsa na shekara zagaye 60 ne, munanan darare biyar sun isa su ɓata masa lissafi, kyawawa biyar su mai da shi gwarzo. Abin da ya sa na fi karkata ga wannan ciniki fiye da na Scott shi ne shekara uku ce ba huɗu ba, kuma Díaz ya daɗe yana wannan aiki a birnin da 'yan jarida da 'yan kallo ba sa ɗaga ƙafa. 'Yan uwanmu da ke Bronx sun san halin 'yan kallon New York.

Kuɗin ma bai tsaya a miliyan 69 ba. Besbol ba ta da dokar iyakance albashi, haraji ake ɗora wa ƙungiyar da ta wuce wani mizani, dala miliyan 241 a 2025. Dodgers ta wuce shi nesa, shekaru a jere, don haka duk dalar da ta ƙara tana biyan harajin da ya fi dalar. Díaz zai riƙa cin ta sama da miliyan 40 a shekara, ga haƙƙin zaɓar matasa biyu da ta rasa. Abin da ke sauƙaƙa mata shi ne jinkirta biya. Ohtani miliyan 700 aka yi da shi a shekara goma, amma miliyan biyu kacal yake karɓa a shekara, sauran 680 sai daga 2034 zuwa 2043, kuma babu kuɗin ruwa a kai. Malamanmu na fiƙihu sai su duba wannan, mu dai mun ga bashi ba riba.

Nan ne rigimar ta fi ƙarfin Dodgers. Kuskuren miliyan 72 da ta yi a kan Scott, ta share shi da wani miliyan 69 ta wuce. Milwaukee, wadda ta fi kowa cin wasa a 2025 kuma Dodgers ta share ta 4 da 0 a hanyar zuwa ƙarshe, ba za ta iya irin wannan kuskure ko sau ɗaya ba. Yarjejeniyar masu ƙungiyoyi da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa za ta ƙare ranar 1 ga Disamba 2026. Masu ƙungiyoyi da dama suna son a sa iyakar albashi, 'yan wasa kuma ba su taɓa yarda da ita ba. A kanta aka yi yajin aikin 1994 da ya sa ba a buga wasan ƙarshe na kofi ba a shekarar. Duk cinikin da Dodgers ta ƙulla daga yanzu, har da na Díaz, za a ɗauko shi a ajiye a kan teburin wannan tattaunawa.