Kowa da Sana'arsa: Ƙofar tanderun da ta ƙi sakata

Duk wanda ya yi sammako a Matameye, ko ɗan kasuwa mai haramar bin hanyar Ɗan Barto zuwa Daura da Kano, ko ma'aikaci mai shirin tafiya wurin aiki, da wuya ya wuce teburin mai shayi. Burodin da ake yanka masa kuwa, sau da yawa daga tanderun itace ya fito. A bakin wannan tanderu akwai wata asara da ba a cika lissafawa ba, wato ƙyauren da ya ƙi zama a sakatarsa, har sai an tokare shi da dutse ko guntun itace.

Tanderu da ajiyayyen zafi yake gashi. Ana hura wuta a ciki har bango ya ƙoshi, a kwashe garwashi, a jera burodi, a rufe. In ƙofa na shan iska, na bakin ƙofa ya fito fari da ɗanyen ciki, na ƙurya ya ƙone, mai gashi kuma ya ƙara itace domin zubi na biyu. Itace kuwa ba na banza ba ne a ƙasar da manoma suka sha wahalar rainon gawo a gonakinsu tun bayan farin 1984, kuma dokar 1992 ta ɗora haraji a kan fataucinsa. Ƙarshenta sai burodi ya ƙanƙance, kuɗinsa na nan yadda yake.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora wa sakata laifi, a hau ta da guduma. Alhali kuwa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai hankali yakan jira tanderu ya huce sarai, ya bi abin daki-daki.

Da farko a kankare toka da busasshen ƙullu daga bakin ƙofa, domin ɗan tudu kaɗan ya isa ya hana ƙyaure kwanciya. Sa'an nan a maƙale takarda a rufe, a ja ta a kowace kusurwa: inda ta zare ba gardama, nan iska ke shiga.

Na biyu, a ɗaga ƙyauren da hannu. In ya yi wasa sama da ƙasa, maratayinsa ya cinye, ƙofa ta sunkuya, sakata ta saɓa da raminta. Sabon ƙusa mai kauri da zoben ƙarfe a ƙarƙashi sun wadatar.

Na uku, a cire ƙyauren a kwantar da shi a kan daɓen siminti. In ya yi rawa, ya kantare. Wannan ciwon ƙyauren da aka yanko daga jikin duro ne, musamman in ana watsa masa ruwa yana da zafi. Maƙeri zai miƙe shi, mai walda ya ɗaure bayansa da ƙarfe mai kusurwa.

Na huɗu, a dubi ƙarfen da aka kafa a bakin tanderun. In yumɓun da ke riƙe da shi ya dare, to shi ne ya gusa, sai an daidaita shi an sake yaɓe.

Bayan waɗannan ne ake zuwa ga sakata. Ƙarfe na buɗewa da zafi: ƙyaure mai faɗin santimita 60, in zafinsa ya ƙaru da digiri 300, yakan ƙaru da kimanin milimita 2. Shi ya sa sakatar da aka auna cif-cif da sanyi take cijewa ko ta kuɓuce da zafi. Wadda ta fi dacewa ita ce mai faɗowa cikin ƙugiya mai gangare, wadda nauyinta ke ƙara matse ƙofa.

Kada a yi wasa da wannan gyara, balle da hunturu, lokacin da iska ke iya bankaɗe ƙofar da aka jingina, ta kwashi tartsatsi zuwa danni da zana na maƙwabta. Ladan maƙeri na yini guda bai kai kuɗin itacen da ake ƙonawa a banza ba, balle gobara. Allah ya kiyaye, ya sa albarka a sana'a.